Cututtukan fata: Amanar da ke wuyan 'yan kasuwar Tanda da Gaya

Duk wanda ya san ƙasar Dendi ya san cewa arzikinta a kan hanya yake. Garin Gaya yana zaune ne a mahaɗar ƙasashe uku, gada ce kawai ta raba shi da Malanbil ta Jamhuriyar Benin, sannan tafiya kaɗan ce tsakaninsa da Kamba ta Jihar Kebbi a Nijeriya. Kayan da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ko aka ƙera a Legas, ko aka haɗa a Kano, ba sa daɗewa sai a gan su a kan tebur a Gaya, daga nan su bazu zuwa Tanda da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Ko rufe iyaka da Nijeriya ta yi a 2019, da rufe gadar Malanbil da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, ba su tsayar da kaya ba, illa dai sun mayar da su cikin kwalekwale da bayan babur, sun kuma ƙara musu tsada.

A cikin waɗannan kaya akwai wani nau'i da muke ganin lokaci ya yi da za a zauna a faɗa wa juna gaskiya a kansa, wato mayukan shafawa da 'yan bututun maganin fata da ake jerawa kusa da sabulu da turare da ɗan kunne. Dalilinmu shi ne, a Tanda da garuruwa irinta, mai ƙaiƙayi ko mai ƙuraje kasuwa yake fara zuwa kafin ya tuna da asibiti. Mai tebur yake nuna wa hannunsa, mai tallar magani ake buɗe wa kan yaro, Hajiya mai kayan kwalliya ake raɗa wa abin da ya fito a ƙarƙashin zane. Ko mun so ko mun ƙi, ɗan kasuwa ya zama likitan fata na farko a wannan yanki, kuma wannan amana ce mai nauyi wadda galibin masu ɗauke da ita ba su ma san sun ɗauka ba.

Ba mu ga laifin talaka ba da ya nufi kasuwa. Ƙwararrun likitocin fata a Nijar 'yan ƙalilan ne, kuma akasarinsu suna Yamai, wadda ke da nisan kusan kilomita 300 daga Gaya. Mace mai sayar da kifi ko shinkafa a Tanda, kafin ta ga ƙwararre sai ta rufe sana'arta na kwanaki, ta biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ta nemi masauki, ta bi layi, ta sayi magani. Idan ta auna wannan da ɗan bututun da za ta saya da cinikin safiya ɗaya, kowa ya san inda za ta karkata. Samar da ƙwararre kuma ba aikin kwana ɗaya ba ne. Ɗalibi yakan yi shekara bakwai zuwa takwas a sashen koyon likitanci kamar na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, sannan ya ƙara shekara huɗu yana koyon cututtukan fata kawai, sau da yawa a Dakar ko Bamako ko Kwatano ko Abijan. A Nijeriya ma, daga shiga jami'a zuwa zama ƙwararre sai an haura shekara goma sha biyu. Ke nan yaron da ya gama sakandare a Gaya a bana, ko da ya ɗauki wannan hanya, sai 'ya'yan da ake goyo yau sun isa shiga kasuwa kafin ya dawo. Jiran wannan rana da hannu naɗe ba dabara ba ce.

Abin da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, mafi yawan cututtukan fata da ke damun jama'armu sanannu ne, ba su da yawa, kuma maganinsu ba shi da tsada idan an gano su daidai. Mu ɗauki ƙazuwa. Wata 'yar ƙwaro ce da ido ba ya iya gani take shiga ƙarƙashin fata ta yi ƙwai, ta haddasa ƙaiƙayin nan mai hana barci da dare, musamman a tsakanin yatsu, da wuyan hannu, da ƙugu, da hammata, da al'aura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowane lokaci mutum fiye da miliyan 200 ne ke ɗauke da ita, kuma a 2017 ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Ana ɗaukarta ne ta hanyar haɗa jiki da haɗa shimfiɗa, shi ya sa take son gidan yawa da makarantun allo da wuraren da ambaliya ta tara jama'a. Wanda ya kamu yakan yi wata guda ko fiye kafin ya fara susa, alhali yana yaɗa ta. Saboda haka ne ma'aikatan lafiya suke cewa a yi wa duk mutanen gida magani a rana ɗaya, mai susa da marar susa, a shafa daga wuya har tafin ƙafa, a wanke tufafi da zannuwan gado da ruwan zafi a shanya a rana. Wanda ya yi wa yaro ɗaya magani ya bar sauran, ya zubar da kuɗinsa ne kawai.

A nan muna so mu wanke masu sana'ar gwanjo, wadda Gaya ta yi suna a kanta, daga wani zargi da ake yawan yi musu. Ƙwaron ƙazuwa ba ya wuce kwana biyu zuwa uku a raye idan ya rabu da jikin mutum, don haka dilar da ta yi makonni a cikin jirgin ruwa ba ita ce ke kawo ta ba. Wanke gwanjo kafin a sa abu ne mai kyau, amma a nemi tushen ƙazuwa a ɗakin kwana.

Haka makero, wanda yake cin kan yara ya bar da'ira fari-fari babu gashi. Wannan irin naman gwari ne da ke shiga cikin tushen gashi, inda man shafawa ba ya kaiwa. Maganinsa na sha ne, na tsawon mako shida zuwa takwas, kuma ana yaɗa shi ta aska da injin aski da mataji da hula. Ƙyasbi shi ma ɗan'uwansa ne, zafi da gumi ke rura shi, ga shi kuwa ƙasar Gaya ta fi ko'ina samun ruwan sama da laima a Nijar. Sai ƙurajen nan masu ruwa da ke yin ɓawo a fuskar yara da ƙafafunsu, waɗanda sukan biyo bayan susar ƙazuwa ko cizon sauro. Iyaye da yawa sun ɗauke su abin wasa, alhali ƙwayar cutar da ke cikinsu tana iya taɓa ƙoda bayan 'yan makonni, a wayi gari fuskar yaro ta kumbura, fitsarinsa ya koma ja. Sabulu da ruwa, da yanke farce, da zuwa asibiti da wuri, su ne ke tare wannan.

Wadda ta fi ba mu tsoro ita ce kuturta, domin ba da gundumin yatsu take farawa ba. Tabo ne take farawa da shi, mai ɗan haske ko ɗan ja, ba ya ƙaiƙayi, ba ya ciwo, kuma idan an taɓa shi da auduga mutum ba ya ji. Tun daga 1995 ake raba maganinta kyauta a duniya ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, ana sha wata shida ko wata goma sha biyu a warke sarai. A Nijar akwai cibiyar kula da fata da kuturta a Yamai, akwai kuma asibitin Danja kusa da Maraɗi wanda ya daɗe yana wannan aiki. Duk wanda ya nakasa da kuturta a yau, jinkiri ne ya nakasa shi, kuma sau da yawa jinkirin yana farawa ne a ranar da wani ya kalli tabon ya ce ƙyasbi ne, ya miƙa masa bututu.

To, mene ne a cikin wannan bututu? Galibinsu suna ɗauke da wani magani mai ƙarfi dangin kotizon, irin su kulobetasol da betametazon, wani lokaci a haɗe da wasu magunguna biyu, a ce wai uku ne cikin ɗaya, yana maganin komai. Shi wannan magani a hannun likita alheri ne, domin da shi ake kwantar da kirci da wasu cututtuka, a shafa kaɗan, a wuri ƙayyadadde, na 'yan kwanaki. Amma aikinsa shi ne ya kwantar da ƙaiƙayi da kumburi ta hanyar kashe wa fata ƙarfin kare kanta. Idan aka shafa shi a kan makero ko ƙazuwa, cikin kwana biyu ƙaiƙayi zai lafa, mai saye ya yi ta sa albarka, mai sayarwa ya ƙara sakankancewa cewa kayansa na da kyau. A ƙarƙashi kuwa cutar tana ta ƙara faɗi, domin an ɗaure mai gadi an bar ɓarawo. Da an daina shafawa sai ta taso fiye da da, a koma a sake saye. Haka za a yi ta yi har abin da kuɗi kaɗan zai warkar ya cinye jarin mutum, ya kuma sauya kama yadda ko likita sai ya sha wuya kafin ya gane shi. Ba mu ma zo kan masu shafa man birki da ruwan batir da toka ba, waɗanda ke mayar da ɗan tabo gyambo.

Wannan magani dai shi ne ƙashin bayan sana'ar bilicin, wadda ta zama ruwan dare a garuruwanmu. Masu haɗi suna matse bututu da yawa a cikin man shafawa, su ƙara da sinadarin haidurokwinon, wasu mayukan da sabulan kuma da zaiba a ciki, a zuba a roba marar suna, a sa masa suna mai daɗi, a sayar. Wata takarda da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ta nuna cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da kayan sa hasken fata, a Togo kashi 59, a Senegal kashi 27, a Mali kashi 25. A 2023 hukumar NAFDAC ta Nijeriya ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa ga ƙasa baki ɗaya. Abin da ya cika kasuwannin Legas da Kano da Kwatano kuwa, babu wani shinge da zai hana shi isa Gaya da Tanda.

Ya kamata iyayenmu mata su san abin da kowane ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai yake yi. Dangin kotizon yana sa fata ta yi sirara kamar takarda, jijiyoyi su fito, nankarwa mai faɗi ta tsattsaga cinya da hannu da ƙirji wadda ba ta gogewa har abada, ƙuraje su cika fuska, makero ya mamaye jiki. Tun da ana shafa shi a duk jiki safe da yamma shekara da shekaru, yana ratsawa cikin jini, ya jawo hawan jini da ciwon suga. Idan haihuwa ta zo da gardama aka yi tiyata, fatar da ta sirance ba ta riƙe ɗinki da kyau, ciwo ya ƙi warkewa. Haidurokwinon kuma, bayan ya ba da hasken da ake nema, shi ne yake dawowa ya ƙona kumatu da goshi da bayan wuya, su yi baƙi ƙirin da gurzaza-gurzaza, baƙin da ya fi na asali kuma yake da wuyar magani. Zaiba ita ce uwar dafi, tana lalata ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa, tana kaiwa ga ɗan da ke ciki da wanda ake shayarwa, har mutanen gidan da ke haɗa tawul da zanen gado ba ta bari. Likitocin fata a Dakar sun ba da rahoton matan da suka kamu da sankarar fata bayan sun daɗe suna wannan shafe-shafe. Baƙin da Allah Ya yi mu da shi laima ce da ke tare mana zafin rana, kuma duk wadda ta cire laimarta ta zauna a rumfar da rana ke duka tun safe har la'asar, garin neman gira za ta rasa ido.

Babban abin takaici shi ne yadda abin ya gangaro kan yara. A 2025 gidan rediyon BBC ya kawo rahoton wata uwa a Kano da ta shafa wa 'ya'yanta shida irin waɗannan mayuka domin dangi su so su kamar yadda ake son 'yan'uwansu masu haske, ta ƙare da nadama bayan sun ƙone sun yi tabo. Fatar jariri ta fi ta babba shan abin da aka shafa mata. Duk wanda aka zo wurinsa neman man da zai sa jariri fari, ya kuma auna ya bayar, to ya sani da hannunsa a cikin abin da zai biyo baya.

Mun san amsar da ɗan kasuwa zai ba mu. Zai ce shi ma abinci yake nema, ba shi ya ƙera ba, ba shi ya shigo da shi ba, kuma idan ya ƙi sayarwa na kusa da shi zai sayar. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan magana, amma ba ta wanke kowa. Mai hatsi ya san hukuncin zuba tsakuwa a buhu, mai mai ya san hukuncin algus, kuma babu wanda ya taɓa karɓar uzurin cewa kowa ma yana yi. Sayar wa mutum abin da ka san zai cuce shi, ka kuma rantse masa cewa magani ne, ya fi algus muni, domin algus aljihu yake ci, wannan kuwa jiki yake ci. Ko ta fuskar riba aka duba, a gari kamar Tanda inda kowa ya san kowa, wadda fuskarta ta ƙone ba za ta manta da rumfar da ta saya ba, kuma ba za ta yi shiru ba. Jarin ɗan kasuwa na gaskiya shi ne yarda.

Mun kuma san cewa doka kaɗai ba ta isa ba. Tarayyar Turai ta hana sa haidurokwinon a kayan kwalliya tun 2001. Kwaddibuwa ta haramta mayukan bilicin a 2015, Gana da Ruwanda suka biyo baya. Ƙasashen duniya sun ƙulla yarjejeniyar Minamata kan zaiba a 2013, kuma a 2023 suka amince a daina ƙerawa da cinikin duk kayan kwalliya masu zaiba daga 2025. Duk da haka kayan suna nan a kasuwanni, domin muddin akwai mai nema, kuma babu wani wurin da mai ciwo zai je, to za a samu mai kawowa, balle a iyaka mai kogi da hanyoyin daji. Dole ne a haɗa hani da samar da mafita.

A nan ne muke ganin akwai darasi a rayuwar wani likitan fata na ƙasar Mali, Farfesa Ousmane Faye. Ya yi aikinsa ne a Bamako, a tsohuwar cibiyar Marchoux wadda aka kafa tun zamanin mulkin Faransa domin yaƙi da kuturta, daga baya kuma ya shugabanci asibitin fata na Bamako. Mali ma kamar Nijar take, ƙasa mai faɗi, likitocin fata 'yan kaɗan, kusan duk a babban birni. Maimakon su zauna suna jiran marasa lafiya su zo musu daga ɗaruruwan kilomitoci, shi da abokin aikinsa Dokta Antoine Mahé da sauran 'yan'uwansu sai suka tambayi kansu, waɗanne cututtuka ne suka fi kai mutane ƙananan asibitoci? Suka ga ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba: ƙuraje masu ruwa, ƙazuwa, makero da danginsa, kirci, sai kuma tabon da ake zargin kuturta ne. Sai suka tsara wata hanya mai sauƙi ta tambaya da dubawa, mataki bayan mataki, suka koya wa ma'aikatan lafiya 400 a horo na yini ɗaya tak. Sakamakon da aka buga a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005 ya nuna cewa marasa lafiyar da aka gano cutarsu aka kuma ba su maganin da ya dace sun tashi daga kashi 42 zuwa kashi 81 cikin 100, kuɗin maganin da ake rubuta musu ya ragu da kashi 25, kuma bayan wata 18 ma'aikatan ba su manta da abin da suka koya ba.

Farfesa Faye bai tsaya nan ba. A 2015, da tallafin gidauniyar Pierre Fabre ta Faransa, ya jagoranci wani shiri da ya haɗa ƙananan asibitocin karkara da ƙwararru a Bamako ta hanyar intanet. Ma'aikacin lafiya a ƙauye idan ya ga abin da ya fi ƙarfinsa, sai ya ɗauki hoton wurin da izinin mai ciwo, ya rubuta bayani, ya aika, cikin kwana ɗaya ko biyu amsa ta dawo. Wanda za a iya yi wa magani a gida a yi masa, wanda dole sai ya je birni ya tafi da sanin abin da zai kai shi. An fara da cibiyoyi 10, daga baya aka faɗaɗa. Fata dai ita ce gaɓar da ciwonta yake a fili, ido na gani, hoto na ɗauka. Ƙwarewar da mutum ɗaya ya yi shekaru yana tarawa, ta haka ta isa garuruwan da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba, kuma a ganinmu wannan shi ne ma'aunin likitan da ya amfani al'ummarsa.

Babu abin da Mali ta yi wanda ya fi ƙarfin Nijar. Ƙasar da aka tabbatar ta rabu da kurkunu a 2013, ƙasar da a Janairun 2025 ta zama ta farko a nahiyar Afirka da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta kawar da cutar makantar nan da ƙudan bakin kogi ke yaɗawa, wadda ita ma da ƙaiƙayin fata take farawa, ba za a ce ƙazuwa da makero sun gagare ta ba. A watan Mayun 2025 babban taron lafiya na duniya ya zartar da ƙudurin da ya sanya cututtukan fata cikin manyan matsalolin lafiyar al'umma, bisa jagorancin Kwaddibuwa. Abin da ya rage shi ne a sauko da wannan ƙuduri daga takarda zuwa ɗakin shan magani.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatar lafiya da hukumomin lafiya na Jihar Doso da su shirya irin wannan horo ga ma'aikatan jinya da ungozomomi na asibitin Gaya da ƙananan asibitocin karkara na Tanda da maƙwabtanta, su haɗa su da ƙwararrun Yamai ta wayar hannu, su kuma tabbatar da cewa maganin ƙazuwa da na makero na gaskiya yana nan a kan farashin da talaka zai iya. Idan mace ta je asibiti sau ɗaya aka ce babu magani, to an mayar da ita kasuwa ke nan har abada. Haka kuma ya zama wajibi gwamnati ta ƙara ɗaukar nauyin matasan likitoci su karanci wannan fanni, da sharaɗin su yi aiki a jihohi idan sun dawo. Jami'an kwastan da masu sa ido kan magunguna na ƙasashen uku su kuma su fuskanci manyan dillalai masu shigo da kwali-kwali, su daina ƙarewa a kan yarinya mai talla a faranti.

Ga shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, maza da mata, muna ganin ba sai kun jira gwamnati ba. Ku da kuke iya tsayar da farashi, ku sasanta rikicin rumfa, ku tara gudunmawa idan gobara ta tashi, kuna iya yanke shawara cewa a kasuwarku ba a sayar da haɗin da ba shi da suna, ba a sayar da man bilicin na yara, kuma bututun magani a bar wa kantin magani. Idan shawarar ta kowa ce, babu mai tsoron cewa maƙwabci zai kwashe masa ciniki. Ku gayyaci ma'aikacin lafiya ya zo ranar kasuwa ya yi muku bayani. Kowane mai tebur ya riƙe alamomi huɗu da idan ya gani zai ce wa mai saye ya wuce asibiti: tabon da ba a jin taɓi a kansa, gyambon da ya ƙi warkewa, ƙurajen da suka zo da zazzaɓi ko kumburin fuska, da ƙaiƙayin da ya kama gida guda. Wanda ya faɗi haka ya yi asarar cinikin rana ɗaya, amma ya sayi mutunci. Kuma kayan gyaran jiki na halal ba su ƙare ba. Ga man kaɗe da itacensa ke tsirowa a ƙasar Dendi, ga man kwakwa, ga basilin, ga sabulun salo, ga lalle na gargajiya wanda ba a gauraya da rinin gashi ba, domin shi ma wannan rinin yana sa hannun wasu ya tashi ya yi ruwa. Ga huluna masu faɗi da riguna masu dogon hannu da 'yan'uwanmu zabiya suke buƙata, su da rana ke jawo wa sankarar fata tun suna matasa.

Ga iyayenmu da 'yan'uwanmu mata da suka riga suka shiga wannan shafe-shafe, ba gori muke yi muku ba, mun san matsin da ya kai da yawa daga cikinku. Shawararmu ita ce, wadda ta daɗe tana shafawa kada ta yanke rana ɗaya ita kaɗai, domin jikin da ya saba da kotizon yana iya rikicewa idan an tsayar da shi kwatsam. Ta je wurin ma'aikacin lafiya da robar a hannunta, a tsara mata yadda za ta rage har ta daina, a auna mata jini da suga. Mai ciki kuma ta faɗa wa ungozoma gaskiya tun a awon farko. Ɓoye wa likita ciwo, kai ake cuta.

Maza kuma kada su noƙe kamar abin bai shafe su ba. Saurayin da ke cewa sai fara, da mijin da ke yi wa matarsa gori da launin kishiya, da dangin da ke cika akwatin lefe da waɗannan mayuka, su ne suke buɗe wannan kasuwa kowace safiya, ban da mazan da su ma suka fara shafawa. Malamai a wurin wa'azi, da sarakuna da masu unguwanni, da gidajen rediyon da ake saurare da Hausa da Zabarmanci da Dendanci, duk suna da abin faɗa, kuma gidan rediyon da ke karɓar kuɗin tallar man da ke sa fari cikin mako ɗaya ya binciki kansa.

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Kafin ranar da Gaya za ta samu nata likitan fata, lafiyar fatar jama'ar Tanda tana hannun mutum biyu ne, ma'aikacin jinya da ke ƙaramin asibiti da mai tebur da ke kasuwa. Na farko a ba shi ilimi da magani, na biyu kuma ya ji tsoron Allah ya san iyakarsa. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba mu lafiya da ciniki mai albarka, amin.